Ranar da Na Kai Masu Feshi Shagon Caji

Shekarar da na gama jami'a na dawo gida Birnin Kudu, ban zo da komai ba sai takardar digiri, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai karyayyen murfi, da hura hanci. Lokacin wayoyin shafawa sun fara shigowa hannun mutane, amma har a sannan in ka fito da taka a majalisa sai wani ya ce ba ni in gani. A unguwarmu aka laƙaba mini Injiniya. Ban taɓa musa sunan ba, alhali ko tocila ta lalace a gida sai dai a kai wa mai gyara.

Abin da na yi aikin kammala karatu a kansa shi ne manhajar tsakiya. Ita ba a ganinta. Akwai manhajar da mutum yake gani a fuskar waya yana latsawa, akwai kuma kayan cikin wayar, wato batir da kamara da abin kama sabis da na'urar gano wuri. Tawa tsakaninsu take zama. Ita ce za ta duba halin da waya take ciki, ta ga ko akwai sabis ko babu, ko batir ya kusa mutuwa, sannan ta yanke shawarar yadda za a aika saƙo da lokacin aika shi, ba tare da an dami mai wayar ba. Malamanmu sun ce mana zamani na zuwa da kwamfuta za ta kasance a ko'ina, a aljihu da gona da mota, kowace tana magana da 'yar'uwarta. Na haddace wannan magana, ina maimaita ta ga duk wanda ya yi kuskuren tambayata me na karanta.

Kawuna dillalin awaki ne. Shi kaɗai ya taɓa saurarena har ƙarshe, wata rana bayan la'asar a ƙofar gida, yana ɓare gyaɗa. Da na gama ya ce, "Wato dai dillali ka ƙera."

Na ce, "Kawu, abin ya wuce nan."

Ya ce, "Mai kaya yana can, mai saye yana can, kai kana tsakiya kana duba yanayin kasuwa. Ina ya wuce? Ni dai tambayata, dillalin naka ya san mutanen da zai yi wa aiki?"

Na yi masa irin murmushin da ɗan boko yake yi wa babba in ba ya son a ce ya yi rashin kunya.

Ana nan sai wata ƙaramar ƙungiyar taimakon manoma da ke da ofis a garinmu ta nemi wanda ya san waya. Damuwarsu tsutsar masara ce, wadda take shiga cikin ƙoƙon shuka ta cinye shi tun kafin ya fitar da goyo. In aka gano ta da wuri aka yi feshi, gona takan tsira. Suna so su raba wayoyi ga jagororin manoma a ƙauyuka, duk wanda ya ga tsutsa ya ɗauki hoto, hoton ya iso ofis tare da wurin da aka ɗauke shi. Shugaban ofishin wani Alhaji ne mai sanyin hali, tsohon ma'aikacin gwamnati tun kafin a cire jiharmu daga Kano. Ya tambaye ni ko abin zai yi aiki inda babu sabis. Na ce masa ai don inda babu sabis aka halicce shi. Haka na faɗa, da wannan kalmar.

Na shimfiɗa wa manhajata dokoki. In sabis yana da ƙarfi, ta aika hoto cikakke. In ya yi rauni, ta matse bayanin ya tafi a gajeren saƙo. In babu shi sam, ta adana har sai an samu. Dokar da na fi alfahari da ita kuwa ta batir ce. Na'urar gano wuri tana shan caji kamar raƙumi a bakin rijiya, saboda haka na ce in batir ya yi ƙasa a kashe ta, a ɗauki hoton haka nan, daga baya in waya ta sami caji sai a cike abin da ya rage. Ranar da na rubuta wannan doka sai da na tashi na zagaya ɗaki sau biyu don jin daɗi.

Gwaji ma na yi. In ina son in ga yadda za ta yi inda babu sabis, sai in ɗauko babbar tukunyar Inna ta dalma in jefa wayar ciki in rufe da murfi. Inna ta gaji da nemanta, har ta kai in za ta ɗora sanwa sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Injiniya, in wayar ta dahu a ba ni tukunyata." Bayan haka na ari babur na yi yini guda ina yawo, na je Surko, na zaga ta Sundimina, ina tsayawa bakin gonakin mutane ina ɗaukar hoton masarar da lafiyarta ƙalau. Duk hoton da na ɗauka ya iso ofis a wurinsa daidai. Tun safe har na dawo wayar tana aljihuna, cike da caji, don kafin in fita sai da na tabbatar ta cika.

A ofishin akwai wata malamar gona da kowa yake kira Madam. Kirista ce, 'yar ƙasar Filato, aiki ya kawo ta tun tana budurwa ta zauna, har 'ya'yanta ba su san wani gari ba. Ƙauyukan Gwaram su ne yankinta. Tana da ƙaramin babur da wani littafi mai kauri da take naɗewa a leda saboda ruwa. Ranar da na nuna musu aikina ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ƙanena, ka taɓa kwana a Zandam?"

Na ce a'a, amma na duba ta a taswira.

Ta ce, "Ƙauyukan can babu wuta. Ka san yadda suke cajin waya?"

Na ce, "Madam, kada ki damu, manhajar tana daidaita kanta da kowane irin yanayi."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ta naɗe littafinta a leda.

Aka raba wayoyi da farkon damina, goma sha huɗu suka tafi ƙauyukan Zandam. Ni na koyar da yadda ake amfani da su a harabar ofis, ina ta zuba Turanci Madam tana bi tana mayarwa Hausa, ni Bahaushe ita ba Bahaushiya ba. Wannan ma ban ji kunyarsa ba sai daga baya.

Makonni suka wuce. Daga Surko da Sundimina hotuna suna shigowa jefi-jefi, yawancinsu ba tsutsa ba ce, akwai ma wanda ya turo hoton sabon angonsu. Daga Zandam shiru. Sai wata rana da hantsi ina zaune gaban kwamfuta, taswira ta fara fitar da jajayen ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, cikin abin da bai kai rabin awa ba. Na buɗe hotunan. Tsutsa ce, babu shakka, ga ganye duk huji, ga kashinta kamar garin katako a cikin ƙoƙo. Kuma duk ɗigon a wuri guda suka taru, ɗaya a kan ɗaya.

Na ruga ofishin Alhaji ko sallama ban yi da kyau ba. Na ce an gano cibiyar annobar. Na ce wannan shi ne abin da ido ba zai taɓa gani ba sai na'ura, daga nan tsutsar take bazuwa, in muka murƙushe ta a nan mun gama da ita. Aka kira Madam. Ta sa tabarau ta duƙa ta daɗe tana kallon taswirar.

Ta ce, "Nan cikin garin Gwaram ne. Ban san gonar masara a nan ba."

Na ce, "Wataƙila akwai wata a bayan gidaje. Tauraron ɗan'adam ne ya ba da wurin, shi kuwa ba ya ƙarya."

Ta ce, "Alhaji, a bar ni in hau babur in je Zandam in dubo."

Na ce lokaci zai ƙure. Alhaji ya dube ta ya dube ni. Ina jin ya tuna cewa shi ne ya kawo ni, ya kuma sha gaya wa mutane a taro cewa ofishinsa ya shiga zamani. Ya ce gobe da sassafe a tafi inda na'ura ta nuna, Madam ma ta zo.

Washegari muka ɗauki hanya a akori-kura. A baya masu feshi shida, kowa da famfonsa na goyo da takalmin roba da abin rufe hanci. Ni a gaba kusa da direba, waya a hannu, ina ba da umarni. Madam tana gefena da littafinta a cinya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gari ya yi luf, gero da dawa sun yi kore shar a bakin titi, ni kuwa ba na ganin komai sai kibiyar da ke fuskar wayata.

Kibiya ta shigar da mu cikin Gwaram, ta karya da mu hagu, ta kai mu bakin kasuwa. Jiya aka ci kasuwar, rumfuna duk babu kowa sai awaki suna tsintar ɓawon rake. Direba ya ce mota ba za ta shiga ba. Na ce a sauka. Muka jeru, ni a gaba, mutum shida da kayan feshi a bayana, muna ratsa rumfuna. Masu shayi suka bar abin da suke yi suka bi mu da kallo, wasu suka taso. Ina tafe ina faɗar saura taku hamsin, saura talatin, saura goma.

Kibiya ta tsaya a gaban wani shagon kwano. Janareto yana ruri a gefensa. A ciki akwai wani allo da aka jera wa soket sun fi ƙarfin ƙirga, wayoyi suna rataye kamar an shanya kifi. Mai shagon, wani magidanci mai furfura a gemu, ya ɗago ya gan mu, sai ya miƙe yana salati.

Ya ce, "Lafiya? Me na yi?"

Na yi sallama, na ce, "Malam, ina gonar masarar da ke nan?"

Ya ce, "Wace gona?"

"Wadda tsutsa ta kama."

Ya dubi ƙasan shagonsa, siminti ne. Ya dubi masu feshi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni caji nake yi. Kyankyasai dai akwai su bayan allon nan, in su kuka zo wa, bismilla."

Ɗaya daga cikin masu feshin ya fara dariya a cikin abin rufe hancinsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ci gaba da latsa waya, ina juya ta sama da ƙasa, ina cewa wataƙila an sami ɗan kuskuren taku ashirin ko talatin. Har na leƙa bayan shagon. Kwata ce da wata tsohuwar taya.

Madam ce ta matso ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali da kasuwa, sannan ta ce, "Malam, jiya an kawo maka wayoyi daga Zandam?"

Ya ce, "Kowace ranar kasuwa ai. Akwai mai babur da yake tattaro su a jaka, in caja su, da yamma ya mayar. Jiya ma akwai waɗansu sababbi iri ɗaya, sun fi goma. Ina sa su a wuta na kunna, sai suka hau ƙara gaba ɗaya kamar 'yan tsaki."

Na gane komai a lokaci guda. Manoma sun ɗauki hotunan a gonakinsu da batir ya kusa mutuwa. Manhajata ta bi dokata ta kashe na'urar gano wuri. Babu sabis, ta adana. Da wayoyin suka iso shagon nan suka sami caji da sabis, sai ta cike abin da ya rage, ta tambayi tauraro ina muke, tauraro ya faɗa mata gaskiya. Babu inda ta saɓa mini. Ni ne ban taɓa kawowa a raina cewa waya za ta yi tafiya ba tare da mai ita ba.

Na so Madam ta yi dariya, ko ta ce ai na faɗa maka. Da ta yi haka da na sami abin jin haushi na riƙe. Ba ta yi ba. Ta ce, "Buɗe mini hotunan. Yaushe aka ɗauke su?"

Na duba. Wasu kwana huɗu, wasu shida. Ban ma lura da wannan jiya ba, ɗigo kawai nake kallo.

Ta zauna a bencin mai caji ta warware ledarta. Ina nuna mata hoto tana dubawa. Ba masarar take kallo ba, abin da ke bayanta take kallo. "Wannan tsamiyar ta bakin rafi ce, gonar mai unguwa. Wannan jar ƙasa ce, ta yamma da makaranta. Wuce. Wannan shingen aduwa na san shi." Akwai waya guda da ta turo hotuna daga gonaki biyar daban-daban, don mai ita yana ara wa maƙwabta. Ni a lissafina waya ɗaya mutum ɗaya ce, gona ɗaya. Cikin ɗan lokaci ta rubuta jerin gonakin a littafinta, ta kuma tsara wadda za a fara da ita. Mai caji ya aiko mana da shayi. Na sha nawa ina kallon ƙasa, jama'ar da suka taru kuwa suna ta ba wa sababbin zuwa labari, kowane bayani ya fi na baya gishiri.

Hanyar Zandam ta jiƙe. Motar ta kafe sau biyu, a na biyun sai da muka sauka muka tura, taɓo ya cinye mini takalmi sau-ciki da na saya don zuwa ofis. Mun isa bayan azahar. Masu feshi suka rarrabu bisa jerin Madam suka kama aiki, suka ci gaba washegari. Yawancin gonakin an same su da sauran dama. Guda biyu kuwa tsutsa ta riga ta yi musu illa, kuma mafi muni ita ce ta wani dattijo wanda shi ne ya fara ɗaukar hoto, kwana shida da suka wuce.

Madam ta ce in zo mu je wurinsa. Na ce ko in tsaya in taya masu feshi haɗa magani. Ta ce ba su buƙatar taimakona.

Muka same shi a gonar, dogon tsoho siriri, yana bin kunya-kunya yana buɗe ƙoƙon masara yana zaro tsutsa da tsinke. Rabin gonar kamar an bi ta da almakashi. Muka gaisa. Madam ta ce, "Baba, ga wanda ya haɗa abin cikin wayar."

Na durƙusa na fara bayani. Na yi maganar batir, na yi ta tauraro, na kawo dokar cike gurbi, har na ji bakina yana cewa a ƙa'ida manhajar ba ta yi kuskure ba. Ya bar ni na gama, tsinkensa a hannu.

Ya ce, "Yaro, ni na ɗauka da na danna abin nan kun gani. Shi ya sa ban aika kowa ba. Da ba a ba ni wayar ba, da tun ranar na sa an kira Madam."

Wannan maganar ta fi dariyar kasuwa zafi. Na ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini."

Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abin da ya rage zai ishe mu ɗanɗano, ga dawa can ba ta taɓa ta ba." Ya miƙo mini wani tsinken. "Tunda ka zo, kama wancan layin."

Na kama. Ban taɓa zaro tsutsa ba, ta farko da na ciro ta motsa a yatsana na yar da ita da tsinken gaba ɗaya, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Tsohon bai ɗago ba, ya ce a hankali, "Ba ta cizo." Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Shi ya gama layi huɗu, ni ɗaya da rabi.

Sati guda na yi a Zandam bayan nan, a ɗakin baƙi na mai unguwa. Na ga inda ake hawa tudu a nemi sabis, na ga mai babur yana bi gida-gida da jakarsa. Na sake dokokina. Yanzu ko batir saura numfashi ɗaya ne sai an ɗauki wuri a lokacin ɗaukar hoto, in ya gagara sai wayar ta tambayi mutum sunan gonar ya faɗa da bakinsa. Na kuma sa ta riƙa faɗa da Hausa, da murya, cewa saƙo bai tafi ba tukuna, a nemi malamin gona. Muryar Madam muka naɗa, don ta ce tawa tana da gaggawa, tsofaffi ba za su gane ba.

Abin ya yi aiki damina biyu kafin ƙungiyar ta rufe shirin. Alhaji bai taɓa tayar mini da zancen ba, illa dai duk lokacin da na kawo sabuwar dabara yakan ce, "Madalla. Ka nuna wa Madam?" Masu feshin nan kuwa ba su da irin wannan kawaici. Ɗayansu yanzu yana da shagon maganin gona a bakin tasha, kuma har yau in zan wuce da ɗalibaina na makarantar da nake koyarwa, sai ya ɗaga murya ya tambaye ni ko akwai wani shagon da ke buƙatar feshi. Nakan ce masa babu, in gaishe shi, in ƙara sauri.